TAKI A GINDIN SHUKA, MAGANI A GINDIN CIWO

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen iri da rumbu, mu yi magana a kan zuciya, watau tsokar nan da take bugawa a ƙirjin kowannenmu. Dalili kuwa shi ne, ciwon zuciya ya daina zama na masu kuɗin birni kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 17.9 suka mutu ta dalilin cututtukan zuciya da na hanyoyin jini. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan kuwa a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, irin namu.

Akwai wani abin mamaki da ya daɗe yana damun likitoci. Idan hanyar jinin zuciya ta toshe, aka yi sa'a aka buɗe ta, jinin nan da ya komo domin ceton zuciyar yakan yi mata wata sabuwar ɓarna shi da kansa. An sami magunguna da yawa waɗanda suke tsare wannan ɓarna a jikin dabbobi, amma da aka gwada su a kan mutane sai suka kasa. Domin wannan, masana da yawa sun juya ga wata tambaya: ƙaƙa za a kai magani daidai wurin da ya ji ciwo, cikin mintocin da ake bukatarsa, ba tare da ya watsu cikin dukan jiki ba? Manomi zai fi kowa saurin gane wannan zance, gama ya san bambancin watsa taki a gona da sa shi a gindin shuka.

YADDA ZUCIYA TAKE SAMUN ABINCINTA

Girman zuciyar mutum bai fi dunƙulen hannunsa ba sai kaɗan. Idan yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau kamar sau 100,000 a yini da kwana. A kowane minti takan tura jini kimanin lita 5. In aka tara na yini da kwana zai kai lita 7,000, kimanin duro 35 ke nan na lita 200.

Duk da wannan jini mai yawa da yake wucewa ta cikinta, naman zuciya ba daga nan yake ci ba. Tana da nata jijiyoyin jini guda biyu da suke kwance a bayanta, ta dama da ta hagu, ta hagun kuwa ta rabu biyu. Kaurinsu bai wuce na bututun tawada da yake cikin biro ba. Kowace jijiya da yankin da take shayarwa, kamar yadda kowace hanyar ruwa a lambu take da fangalin da take kaiwa.

Da shekaru suna tafiya, kitse da wani irin datti sukan taru a cikin bangon waɗannan jijiyoyi. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da yawan ƙiba, su suke hanzarta wannan. Wata rana sai tarin nan ya fashe, jini ya daskare a kansa, gudan jini ya toshe hanya. Yankin da jijiyar take shayarwa sai ya rasa abinci da iskar oksijin. Shi ne mutum zai ji kamar an ɗora masa buhun hatsi a ƙirji.

Naman ba ya mutuwa gaba ɗaya nan take. A shekarar 1977 waɗansu masana a Amurka, Keith Reimer da Robert Jennings da abokan aikinsu, suka nuna a zukatan karnuka cewa mutuwar takan soma daga cikin bangon zuciya bayan minti 20 ko fiye, ta riƙa ci zuwa waje sannu a hankali. Kafin awa 3 zuwa 6 yawancin yankin ya tafi. Wurin da ya mutu tabo yake zama, tabo kuwa ba ya bugawa. Fata takan sabunta, hanta ma takan tofo, amma zuciya ba haka take ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2009 ya nuna cewa abin da naman zuciya yake sabuntawa a shekara kimanin kashi 1 ne cikin 100 ga matashi, ga tsoho kuwa bai kai rabin haka ba. Wanda ya tashi da babban tabo, shi ne bayan 'yan watanni ko shekaru za a gan shi da haki da kumburin ƙafafu, ba ya iya kai kunya ɗaya ƙarshe sai ya tsaya ya huta.

BUƊE HANYA

Maganin farko, wanda ya fi kowane, shi ne a buɗe hanyar da sauri. Ana yin wannan ta hanya biyu.

Ta ɗaya ita ce allurar narkar da gudan jini. A 1986 aka gwada wata irinta mai suna sitireftokainas a kan mutane kusan 12,000 a Italiya, aka ga ta rage mace-mace. A 1988 wani gwaji na mutum fiye da 17,000 a ƙasashe da yawa ya nuna cewa idan aka haɗa ta da asfirin, mace-mace sukan ragu da kimanin kashi 40 cikin 100.

Ta biyu ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta cinya har ya kai wurin da ya toshe, a hura ɗan balan-balan a buɗe wurin, sa'an nan a bar wata 'yar ragar ƙarfe ta riƙe shi a buɗe. Wani likita Bajamushe, Andreas Gruentzig, shi ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurik na Switzaland a 1977.

Waɗannan dabaru sun ceci mutane masu ɗimbin yawa. Kada wani ya karanta abin da yake biye ya ce ashe gara a bar hanyar a toshe. In ba a buɗe ba, yankin duka zai mutu.

ƁARNAR JININ DA YA KOMO

Kowane makiyayi ya san abin da yake faruwa idan shanu sun sha wuyar rani, aka sake su suka cika ciki da ɗanyar ciyawar farkon damina. Ciyawar nan ita ce za ta cece su, amma cikin wata yakan kumbura har ta faɗi. Mai lambu ma ya san idan fangali ya bushe ya tsattsage, aka sako masa ruwa da ƙarfi gaba ɗaya, yakan tumɓuke yabanyar da ta riga ta raunana.

Haka abin yake ga zuciya. Tun a 1960 Jennings da abokansa suka lura cewa naman zuciyar kare da aka mayar wa jini bayan an tsare shi yakan kumbura ya lalace da sauri ƙwarai. A 1985 likitoci biyu, Eugene Braunwald da Robert Kloner, suka kwatanta komowar jini da takobi mai kaifi biyu. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa wannan ɓarna ta biyu tana iya kaiwa rabin dukan tabon da ake samu a ƙarshe.

Ga yadda abin yake faruwa. Naman zuciya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai dubban 'yan murahu, masana suna ce da su mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin domin a sami ƙarfin bugawa. Sa'ad da jini ya tsaya, iska ta yanke, wutar takan yi ƙasa, amma makamashi yana ta taruwa a bakin murhu. A 2014 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka gano sunan makamashin da ya fi taruwa, watau wani sinadari da ake kira sakisinet. Da jini ya komo da iska, sai tarin nan ya kama gaba ɗaya kamar an watsa kananzir a garwashi. Tartsatsin da yake tashi, watau waɗansu ɓarɓashin oksijin masu cin nama, shi yake ƙona ƙwayar daga ciki.

Ban da wannan, gishirin kalsiyam yakan kwararo cikin ƙwayar fiye da kima. Sa'an nan akwai wata 'yar ƙofa a jikin kowane murhu. Muddin jini yana tsaye, wurin yakan yi tsami, tsamin nan kuwa yana riƙe ƙofar a rufe. Da jini ya wanke tsamin sai ƙofar ta buɗe, ruwa ya shiga, murhun ya kumbura ya fashe, ƙwayar ta mutu. Masana biyu a birnin Biristol, Elinor Griffiths da Andrew Halestrap, su suka nuna a 1995 cewa ƙofar a rufe take duk lokacin toshewa, sai jini ya komo take buɗewa.

Dukan wannan cikin 'yan mintocin farko yake faruwa. Bayan haka, cikin awoyi da kwanaki, fararen ƙwayoyin jini, watau sojojin jiki, sukan yi dafifi a wurin domin su kwashe abin da ya mutu, garin haka su taɓa mai rai.

MAGANIN DA YA CI A DABBA, YA KASA A MUTUM

A 1986, a Jami'ar Duke ta Amurka, Charles Murry tare da Jennings da Reimer suka yi wani gwaji wanda ya ba kowa mamaki. Suka tsare jinin zuciyar karnuka na minti 5, suka sake, har sau huɗu, kafin suka tsare shi na minti 40. Tabon da aka samu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda aka samu a karnukan da ba a yi wa haka ba. Kamar dai yadda mukan rage wa tumatir ruwa a gadon reno kafin dashe domin ya yi ƙwari. Wannan ya tabbatar cewa ana iya kāre naman zuciya. Sai dai ba wanda ya san ranar da jijiyarsa za ta toshe balle a hore ta tun da wuri. Saboda haka aka shiga neman maganin da za a bayar daidai lokacin buɗe hanya.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sa wa rai shi ne saikulosiforin. Daga ƙasa ya fito, gama an same shi a jikin wata funfuna da aka tarar cikin ƙasar da aka ɗebo daga tuddan Norwe a 1969. An daɗe ana ba da shi ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, ga shi kuma yana hana 'yar ƙofar nan ta murhu buɗewa. A 2008 likitocin Faransa, ƙarƙashin Michel Ovize na birnin Liyon, suka gwada shi a kan mutum 58, alamun ɓarna suka ragu, aka yi murna. Da aka maimaita gwajin a kan mutum 970, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna babu bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba.

Wani magani kuma shi ne adenosin. Yana kāre zuciyar dabbobi sosai, amma ba ya daƙiƙa 10 a cikin jini sai ya lalace. In aka ƙara yawansa kuwa, sai ƙarfin jini ya faɗi, bugun zuciya ya yi sanyi. Gwajin da aka yi da shi a kan mutum fiye da 2,000, wanda aka bayyana a 2005, bai nuna fa'ida a fili ga yawancinsu ba.

Masana sun kawo dalilai. Dabbobin gwaji matasa ne lafiyayyu, majiyyata kuwa yawancinsu dattawa ne masu hawan jini ko sukari, suna kuma shan waɗansu magunguna. Amma akwai dalilin da ya shafi zancenmu. Allurar da aka yi a hannu takan bi jini ta zaga hanta, da ƙoda, da ƙwaƙwalwa, da tsoka. Nauyin zuciya bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki ba, yankin da ya ji ciwo kuwa wani ɓangare ne nata, ga shi hanyar zuwa wurin ita ce a toshe. Abin da ya isa can kaɗan ne, kuma sau da yawa a makare. In aka ce a ƙara, sai maganin ya taɓa ƙoda ko ya kā da ƙarfin jini.

Wanda ya taɓa watsa buhun takin zamani a gonar gero ya san irin wannan hasara. Wani ruwa ya tafi da shi, wani ciyawa ta ci, ɗan kaɗan ya kai ga saiwa. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da take Sadore kusa da Yamai, masana sun nuna tun shekarun 1990 cewa ɗan takin da bai fi cikin murfin kwalba ba, idan aka sa shi a ramin shuka, yakan ƙara amfanin gero sosai da kuɗi kaɗan. Takin bai sake ba, wurin da aka sa shi ne ya sake. Irin wannan tunani ake so a kawo cikin maganin zuciya.

'YAN JAKUNKUNAN DA SUKE ƊAUKAR MAGANI

Domin a kai magani inda ake so, sai an ƙunsa shi cikin wani abu. Masana suna yin 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera kimanin 700 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Iri biyu aka fi aiki da su.

Na ɗaya shi ne ɗan kumfan mai, ana ce da shi laifozom. Bangonsa irin na ƙwayoyin jikinmu ne, cikinsa kuwa ana zuba magani. Wani masani Bature, Alec Bangham, ya gano shi kusa da Kambirij a shekarun 1960. Na biyu ana yinsa da irin abin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da kansa. Yana narkewa a hankali yana sakin maganin.

Waɗannan jakunkuna sun riga sun shiga aikin asibiti a waɗansu cututtuka. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, watau wani maganin ciwon daji da aka ƙunsa cikin kumfan mai. Maganin nan in yana tsirara yakan cuci zuciya, amma a ƙunshe cutarwarsa ta ragu. Akwai kuma AmBisome da ake ba masu ciwon kala-azar a Indiya da gabashin Afirka, wanda ya fi tsohon maganin sauƙi ga ƙoda. Allurar rigakafin korona ta kamfanonin Pfizer da Moderna ma, wadda ta fito a ƙarshen 2020, cikin 'yan ƙwayoyin mai aka ƙunsa ta.

TA YAYA JAKAR ZA TA GANE WURIN?

Hanya ta fari: tsagewar bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙananan hanyoyin jini na lafiyayyen nama a ɗinke suke, jakar ba ta iya fita ta cikinsu. Amma a yankin da ya ji ciwo bangonsu yakan yi yoyo, sai jakunkunan su fita su taru a can. A 2009 masana a Osaka ta Japan suka ƙunsa adenosin cikin kumfan mai suka yi wa ɓeraye allura. Maganin ya daɗe cikin jini, ya taru a yankin da ya ji ciwo, tabo ya ragu, ƙarfin jini kuwa bai faɗi kamar yadda yake faɗuwa da tsiraran magani ba. A 2016 masana a Jami'ar Kyushu, can Japan ɗin dai, suka yi irin wannan da saikulosiforin cikin jaka mai narkewa. A ɓeraye, wanda aka ƙunsa ya fi tsirara rage tabo.

Hanya ta biyu: rubuta adireshi a bayan jaka. A cikin ƙwayar naman zuciya akwai wani zare mai suna mayosin, wanda ba ya bayyana a waje sai fatar ƙwayar ta yage. A 1995, a birnin Boston, Ban-An Khaw da Vladimir Torchilin da abokansu suka liƙa wa kumfan mai wani ɗan ƙugiya mai kama mayosin kaɗai. Da suka gwada a kan ƙwayoyin zuciya da aka rena a ɗakin gwaji, sai kumfan ya manne daidai inda ya yage, ya toshe ramin kamar facin taya, ƙwayoyin da yawa suka rayu. Waɗansu masana kuma suna lulluɓe jakar da fatar 'yan ƙwayoyin da suke daskarar da jini, tun da yake su da ma wurin rauni suke nufa.

Hanya ta uku: kwaɗon da sai a wurin yake buɗuwa. Mun ce yankin da jini ya tsaya yakan yi tsami. Akwai wani sinadari mai araha, malonet, wanda yake hana tarin makamashin nan kamawa gaba ɗaya. A 2022 masanan Kambirij suka nuna cewa malonet ba ya shiga ƙwayar zuciya sosai sai inda akwai tsami. Ke nan lafiyayyen nama yakan bar shi ya wuce, wanda ya ji ciwo ya sha shi. A nan ko jaka ba a bukata, ciwon da kansa yake buɗe wa magani ƙofa. Ana kuma ƙera jakunkunan da ba sa fashewa sai sun gamu da tsami ko da tartsatsin nan na oksijin.

Hanya ta huɗu: kai wa da hannu. Tun da likita ya riga ya zura bututu har bakin jijiyar, yana iya zuba magani ta nan. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da take ɗibar jinin majiyyaci, ta cika shi da oksijin fiye da yadda aka saba, ta mayar da shi kai tsaye cikin jijiyar hagu har minti 60 bayan an buɗe hanya. A gwajin da aka bayyana a 2009, tabon ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda aka kai asibiti kafin awa 6.

INDA AKA KWANA

Har zuwa ƙarshen 2024 ba a amince da ko ɗaya daga cikin 'yan jakunkunan nan domin kāre zuciyar mutum daga ɓarnar komowar jini ba. Yawancin nasarorin a ɓeraye, da zomaye, da aladu aka same su, labarin saikulosiforin kuwa ya koya wa kowa kada a yi guɗa tun amarya ba ta shiga ɗaki ba.

Wahalar tana da yawa. Hanta da saifa aikinsu ne su tace baƙon abu daga jini, su kuwa suke cinye yawancin jakunkunan. A 2016 masana a Toronto ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen shekara 10 na maganin daji a dabbobi, suka tarar abin da yakan isa ƙarin bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka yi allura ba. Ga kuma ƙurewar lokaci: jakar da za ta ɗauki awa guda kafin ta saki magani ta makara ga ɓarnar mintocin farko, ko da yake za ta yi amfani wajen kwantar da sojojin jiki da suke zuwa daga baya. Sa'an nan dole abin ya zama mai araha, mai jure ajiya, wanda ma'aikacin asibiti zai iya ɗurawa cikin gaggawa. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Asibitocin da suke da ɗakin zura bututu kaɗan ne a ƙasashenmu, a manyan birane suke, kuɗinsu kuma da nauyi. Idan wata rana aka sami allurar da take neman wurin ciwo da kanta, wadda za a haɗa da ta narkar da gudan jini, mutumin karkara zai fi kowa cin moriyarta.

Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa ko taron ƙungiya da kwalba ko ƙwaya, yana cewa sabon maganin "nano" ne mai wanke jijiyoyin zuciya, ku riƙe kuɗinku. Abin da manyan jami'o'in duniya ba su gama ba, ba a cikin jakar ɗan talla yake ba.

ABIN DA YAKE HANNUNMU

Duk ɓarnar nan biyu, ta toshewa da ta komowar jini, gwargwadon daɗewar toshewar suke girma. Wanda aka buɗe wa hanya cikin awa 1 ko 2 yakan tsira da yawancin naman zuciyarsa. Bayan awa 12 amfanin allurar narkarwa kaɗan ne. Lokaci kuwa yana hannun iyali da maƙwabta. Ba a fafe gora ranar tafiya, domin haka muna ba kowace ƙungiya shawara kamar haka:

1. Kowa ya san alamun. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ya wuce minti 15 bai lafa ba, yana iya bin hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya, tare da zufa mai sanyi, da haki, da tashin zuciya. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon sukari, wani lokaci haki da kasala da zafin bakin ciki kaɗai suke ji. Mutane da yawa sukan ɗauka ƙwannafi ne ko gyambon ciki, su sha kanwa su kwanta. Kada a jira gari ya waye.

2. A zaunar da mai ciwon, a sassauta masa tufafi. Kada ya taka da ƙafa zuwa bakin hanya, kada ya tuƙa keke ko babur da kansa.

3. Idan asfirin ba ya ɓata masa jiki, ba shi da gyambon ciki mai zubar da jini, ba shi kuma da alamar shanyewar ɓarin jiki, yana iya tauna ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 a kan hanya. Ku tambayi ma'aikacin lafiya na yankinku tun yanzu a kan wannan, domin ya gaya wa kowa ko ya dace da shi.

4. Shugabannin ƙungiya su bincika tun ana lafiya: wane asibiti mafi kusa yake da na'urar rubuta bugun zuciya a takarda, wane ne kuma yake da allurar narkar da gudan jini? A rubuta a littafin ƙungiya. Yawo daga ƙaramin ɗakin magani zuwa wani yana cinye awoyin da ba su komowa.

5. A keɓe wani abu daga asusun ƙungiya domin kuɗin mota na gaggawa, a kuma yi magana da mai mota ɗaya ko biyu waɗanda za a iya tasa ko da tsakar dare. Sau da yawa neman rancen kuɗin mai ne yake tsai da mutane a gida.

6. Ƙungiya ta sayi na'urar awon hawan jini, a koya wa mutum biyu aiki da ita, a riƙa auna kowa ranar taro. A Nijeriya kimanin mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, da yawansu kuwa ba su sani ba. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye, sau biyu a ranaku dabam, ya je ya ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi.

7. A rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum a yini ya kai giram 5, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙule. Mai shan taba kuwa ya bari.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

Daga ƙauyenku zuwa asibitin da yake da na'urar rubuta bugun zuciya, awa nawa ne da rani, awa nawa ne da damina? Wa za a tasa idan abin ya faru da dare? Mutum nawa ne cikinku aka auna wa jini a wannan shekara?

Ku tattauna, magatakarda ya rubuta abin da kuka shirya, ku aiko mana domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.